Wai da gaske zuma tana maganin ciwon daji?

Abba Sani:
Slm jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah akwai wata murya da ake ta turawa a WhatsApp kwanan nan, guruf din dangi an turo, na masallaci an turo, wani mutum ne yake cewa wai Turawa da kansu sunyi bincike sun gano zuma tana kashe ciwon daji amma kamfanonin magani suka boye dan kar kasuwarsu ta mutu, yace cokali uku da sassafe kafin a ci komai a hada da habbatus sauda da tafarnuwa har kwana arba'in kowace irin kansa ce zata narke ba sai anje asibiti ba. Masu ilimin cikinmu ku fada mana gaskiyar lamari dan wlh mutane sun fara dauka da gaske

Maman Walida:
Nima naji ta. Kuma ni banga abin musu ba anan, zuma fa Allah da kansa yace akwai waraka acikinta

Bashir Famasis:
Wa alaikumus salam. Abba maganar mutumin nan akwai guntun gaskiya a cikinta, shi ya sa ma take da haɗari. Binciken an yi shi kuma ba wanda ya ɓoye, yana nan a intanet kowa zai iya dubawa. A Malesiya akwai wata zumar kurmi da suke kira Tualang, ƙudan kan yi saƙarsu can ƙololuwar wasu dogayen bishiyoyi, masu bincike a jami'ar Sains Malaysia sun daɗe suna aiki a kanta, sun zuba ta kan ƙwayoyin kansar mama da na bakin mahaifa waɗanda aka raina a faranti a lab suka ga ƙwayoyin suna mutuwa. A 2013 wasu a jami'ar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ke Al Ain sun yi wa ɓeraye masu kansar fata allurar zumar Manuka ta jijiya, girman ƙarin ya ragu. Wanda ya fi yawo kwanan nan shi ne na 2024 daga jami'ar Kalifoniya ta Los Anjeles, nan ma Manuka ce ta ƙasar Niyu Zilan, suka ce ta rage girman ƙarin kansar mama da kashi 84 cikin ɗari in aka kwatanta da ɓerayen da ba a ba su ba. To ku lura da kyau, faranti ne da ɓera. Su masu binciken da bakinsu suke rubutawa a ƙarshe cewa sai an gwada a jikin mutane. Har yanzu babu binciken da aka tara masu ciwon daji aka ba su zuma ƙarin ya narke.

Abba Sani:
To Yaya Bashir in ta kashe a faranti me zai hana ta kashe a jiki? ba kwayar cutar daya bace

Bashir Famasis:
Ko gishiri ka zuba da yawa a farantin nan zai kashe ƙwayoyin, amma ba wanda zai ce maka ka yi ta lasar gishiri don kansa. A faranti zumar tana kwance kai tsaye kan ƙwayoyin sa'o'i da yawa. Kai kuwa in ka sha ciki za ta shiga, hanji ya narkar da ita, hanta ta tace, abin da zai isa jini mafi yawa suga ne, don ita zuma wajen kashi 80 cikin ɗari suga ce, wajen kashi 17 ruwa ne, su sinadaran da ake magana irin su kirisin da kwasetin ɗan mitsitsi ne a ciki kuma shi ma ɗan mitsitsin hanji ba ya tsotse shi sosai. Yaushe zai je ya samu ƙarin da ke cikin mama ko hanta da ƙarfin da zai kashe shi?
Maganar wai kamfanoni na ɓoyewa kuma, ai su nema suke yi ido rufe. Da yawa daga magungunan kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa da ake ba marasa lafiya a asibiti, daga tsirrai aka ciro su. Binkiristin da ake yi wa yara masu kansar jini daga wata fulawa ce ta Madagaska, irin wadda ake shukawa a ƙofar gida don ado. Taksol da ake ba masu kansar mama daga ɓawon wata bishiya ta Amurka aka fara samo shi. Amma sai da aka ware sinadarin, aka gano adadin da zai kashe ciwo bai kashe mai ciwon ba, aka gwada a kan mutane shekara da shekaru. Da zuma na da wannan ƙarfin in an sha da tuni suna sayar mana da ita a kwalbar allura da tsadar gaske.

Garba Tela:
Ku dai yan boko kullum haka kuke. Ni mahaifiyata asibiti muka kaita ba wajen mai magani ba, gonar gado muka saida, filin kanina muka saida, kemo ya zubar mata da gashin kai ya hanata cin abinci sai amai, da akazo maganar gashi, wato kona ciwon da hasken inji, akace muje wani babban asibiti a wata jiha mukaje akace injin ya lalace mu dawo, muka dawo akace layi bai zo kanmu ba, a haka Allah ya karbi abarsa. To wanne asibitin kuke cewa aje? talaka da baida ko na mota ka hanashi zumar da zai iya siya ka bashi me? ku kyale mutane suyi abinda zasu iya

Sista Rabi:
Allah ya jiƙan Mama ya sa aljanna ce makoma, Allah ya ba ku ladan jinya Malam Garba. Ba zan ce maka ƙarya kake ba don aikina ke nan, a ɓangaren masu ciwon daji nake, kuma abin da ka faɗa na lalacewar inji da dogon layi da tsada duk muna gani, wani lokacin mu ma kuka muke yi a ɗakin canza kaya. Injinan gashi a ƙasar nan ba su kai ko kusa da abin da ake buƙata ba.
Amma bari in gaya maka abin da nake gani ta ɗaya gefen. Mace za ta ji ɗan ƙullutu a mama kamar ƙwallon gyaɗa, ba zafi ba komai, ta ɓoye don kunya ko tsoron a ce za a yanke. A fara shafa zuma da man habbatus sauda, a sha jiƙo, a yi hayaƙi, wata shida wata takwas shekara, ranar da za a kawo mana ita maman ya yi tauri fatar ta yi ƙuraje-ƙuraje kamar ɓawon lemo, kan nonon ya shige ciki, ya fashe yana ruwa yana wari an naɗe da tsohon zani, hammata ta cika da kaluluwa, hannun ya kumbura ba ya ɗaguwa, wata ma tana tari don ya riga ya je huhu. A wannan matakin mu ma sai dai mu rage mata raɗaɗi. Sai dangi su koma gida su ce asibiti ne ya kashe ta, na gaba in ta ji ƙullutu ita ma ta ƙi zuwa. Mafi yawan matan da ke zuwa mana da kansar mama a mataki na uku ko na huɗu suke zuwa, alhali wadda ta zo ƙullutun yana ƙarami ana cirewa a yi mata magani ta koma ta ci gaba da rayuwarta. Ba zumar ce ta kashe su ba, watannin nan da aka ɓata ne.

Garba Tela:
Amin nagode Sista. amma mu bamu bata lokaci sosai ba

Sista Rabi:
Na yarda Malam Garba, ba da ku nake ba. Akwai wanda zai zo da wuri kuma tsarin ya ci amanarsa, wannan laifin ba na iyali ba ne.

Maman Walida:
Ni duk naji bayananku amma haryanzu ba wanda ya amsa min maganar aya. Suratun Nahli fa, fihi shifa'un linnas. kuma akwai hadisin mutumin da yazo yace cikin dan uwansa na ciwo Annabi SAW yace a bashi zuma ya dawo yace bai warke ba akace a kara har daga karshe akace Allah yayi gaskiya cikin dan uwanka ne yayi karya, kuma ya warke. To mu da mukayi imani zamu bar wannan mu bi maganar bera? Malam Nura kana ina

Malam Nura:
Ga ni Hajiya, ina karantawa. Ayar gaskiya ce, aya ta 69 a Suratun Nahli, hadisin ma ingantacce ne yana cikin Bukhari da Muslim, babu musulmin da zai yi jayayya da cewa akwai waraka a zuma. Sai dai mu yi hattara kar mu ɗora wa aya abin da ba ta faɗa ba. Ibnu Kasir a tafsirinsa ya kawo maganar malamai cewa ayar ba tana nufin zuma maganin kowace cuta ba ce. Shi mutumin da ke cikin hadisin ciwon ciki ne da gudawa yake fama da shi. Kuma mu duba aikin Manzon Allah SAW da kansa, wanda aka saukar wa ayar. Ya yi ƙaho. A Sahihu Muslim ya zo cewa ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'ab likita, likitan ya yanke masa jijiya ya yi masa lalas. Sa'adu ɗan Mu'azu da kibiya ta same shi ranar Khandaƙ a tantin Rufaida aka ajiye shi cikin masallaci ana jinyarsa. Me ya sa ba a ce duk su sha zuma kawai ba? Shi ne kuma ya ce ku nemi magani bayin Allah, Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, a wata ruwayar aka ƙara da cewa wanda ya sani ya sani wanda ya jahilta ya jahilta. Ke nan magani abu ne da ake nema wajen waɗanda suka san shi.
Abin da ke ɓata min rai shi ne masu sayar da kaya da ke fakewa da aya, mutum ya sa rawani ya ɗora hoton kwalba ya ce duk wanda ya je asibiti imaninsa ne da rauni. Wannan cin dukiyar mutane ne da sunan addini, kuma in rai ya salwanta ta dalilin maganarsa sai Allah ya tambaye shi. A sha zuma da niyyar neman waraka, a yi addu'a, a yi sadaka, a je wajen likita. Ba ɗayan da ya hana ɗaya.

Maman Walida:
Allah ya gafarta Malam na gamsu da rabi. amma ni nasan wata a unguwarmu da akace tanada daji a mama tasha zuma da garin hulba ta warke sarai tana nan da ranta

Sista Rabi:
Maman Walida tambayar da zan yi miki, an yanki tsokar an kai lab an tabbatar kansa ce, ko dai kallo aka yi aka ce daji ne? Don yawancin ƙullutun da ke fitowa a mama ba kansa ba ne, musamman ga ƴan mata da masu shayarwa. Akwai na nono da ya daskare, akwai maruru, akwai ƙullin ruwa da ke zuwa ya tafi da al'ada. A wajenmu kuma duk gyambon da ya ƙi warkewa sunansa daji. Irin waɗannan in sun warke sai a ce an warkar da kansa, labarin ya zagaye gari, waɗanda suka sha suka rasu kuma ba mai ba da labarinsu.

Bashir Famasis:
A kan wannan akwai binciken jami'ar Yale ta Amurka da aka buga a 2018. Sun duba bayanan mutanen da aka tabbatar suna da kansar mama ko ta huhu ko ta hanji ko ta mafitsara irin ta maza, ciwon bai bazu ba tukuna, suka ƙi maganin asibiti suka zaɓi na gargajiya zalla. Haɗarin mutuwarsu ya ninka na waɗanda suka karɓi magani sau biyu da rabi, a kansar mama kuwa ya haura sau biyar. Wannan a Amurka ke nan inda ba matsalar abinci ko kuɗin mota.

Sista Rabi:
Kar kuma a ce mun ce zuma ba ta da amfani ga mai ciwon daji, tana da shi sosai, ni da hannuna nake ba marasa lafiya shawara a kai. Wanda ake yi wa gashi a wuya ko baki ko maƙogwaro, bayan sati biyu zuwa uku bakin yakan saɓule ya yi ja ya yi gyambo, ko ruwa ya haɗiya sai hawaye, wasu har su ce a dakatar da gashin sun haƙura. A nan zuma take aiki. Tun 2003 aka yi gwaji a Malesiya da marasa lafiya 40, rabi aka riƙa ba su mil 20 na zuma, wato babban cokali da ɗan ƙari, minti 15 kafin gashi, minti 15 bayan gashi, sai kuma bayan awa shida, su juya ta a baki su haɗiye a hankali. Waɗanda suka sha bakinsu bai lalace kamar na sauran ba kuma ba su rame sosai ba. An maimaita a wasu ƙasashe, har ƙungiyar masana kula da masu kansa ta duniya ta sa zuma cikin abubuwan da take ba da shawara a kai don kare baki ga masu gashin kai da wuya. Abin mamaki ita Manukar mai tsadar da aka gwada a Ingila da Kanada ba ta nuna wani amfani ba, marasa lafiyar ma ƙorafi suka yi ta yi tana musu zafi da tashin zuciya, zuma ta gama-gari ce ta fi yin abin kirki. Sai dai a wanke baki da kyau bayan nan don gashi na busar da yawu haƙora su yi saurin ruɓewa, mai ciwon suga kuma kar ya fara sai ya gaya wa likitansa.
Na biyu gyambo. Wannan ma a ƙasar nan aka yi ɗaya daga cikin sanannun binciken, wani likitan tiyata Spencer Efem a Kalaba a 1988, marasa lafiya 59 masu gyambon da ya ƙi jin magani ya riƙa sa musu zuma, 58 suka samu sauƙi sosai. Tana janye ruwa, tana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, tana rage wari. Yanzu har akwai bandeji na musamman mai zuma da aka tace aka kashe ƙwayoyin cutar ciki, irin su Medihoney. Ko a gyambon kansa takan rage wari da ruwa mutum ya samu ya zauna cikin iyalinsa ba a toshe hanci. Amma ƙarin yana nan a ƙarƙashi yana girma, saman kawai ta gyara.

Ummu Khalil:
Dan Allah Sista ni tambayata daban ce. Yayata ce take kan kemo yanzu anyi na uku, bata iya cin komai sai kunun gyada da dan zuma aciki shine kawai yake zama, to sai wata kawarta tazo dubiya tace a daina bata zuma da duk wani abu mai zaki har dabino da kankana wai suga ne abincin kansa yana kara mata girma, yanzu yayar tawa ta tsorata ta daina sha kuma wlh ta rame kamar ba ita ba, mun rasa wanda zamu bi wasu suce zuma magani wasu suce guba

Sista Rabi:
Ummu Khalil ki mayar mata da kununta yau ɗin nan. Gaskiya ne ƙwayoyin kansa suna zuƙar suga fiye da sauran, wani Bajamushe Otto Warburg ya gano haka tun wajen shekara ɗari da suka wuce, amma ƙwaƙwalwa da jini da tsoka su ma da shi suke aiki, kuma ko mutum bai ci zaƙi ba jiki zai juya tuwo da shinkafa su koma suga, in ba su ma ya narkar da tsokar jikinsa ya yi. Ba a kashe kansa da yunwa, mai ciwon ake kashewa. Ramar nan ita muke tsoro, in jininta ya yi ƙasa ranar kemo za a ce ta koma gida sai wani satin, jinkirin kuma ba alheri ba ne. A ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa, kunu, ƙwai dafaffe, alale, romon kaza, madara, kifi. In dai ba ta da ciwon suga zuma a kunu ba laifi. Abu ɗaya, a kwanakin da aka ce sojojin jininta sun yi ƙasa ku tambayi likitanta game da ɗanyar zuma wadda ba a tace ba, wasu likitocin sukan ce a dakata da ita a lokacin. Kuma duk wani jiƙo ko garin magani da aka kawo mata ku nuna kafin ta sha, wasu suna taɓa hanta da ƙoda, kemo kuma da su yake fita daga jiki.

Ummu Khalil:
Allah ya saka da alheri Anti, yanzu zan kirata

Alhaji Ɗanjuma mai zuma:
Assalamu alaikum, ni ba ɗan boko ba ne amma sana'ar nan gadonta na yi, muna da amya a daji muna kuma saro ta Mambila da ta wajen Kamaru. Abin da zan ƙara shi ne wacce zumar ma ake magana? Rabin abin da ke yawo a tasha da bakin asibiti a robar ruwa suga ce aka dafa ta yi ja aka zuba ɗan kaki da matattun ƙuda a kai don ka gani ka yarda. Gwajin ashana da na ɗigawa a ruwa da na zubawa a ƙasa duk masu haɗin sun san su sun san yadda za su ci jarabawar. Wata kuma ta gaskiya ce amma wajen ɗiba an babbake amyar da wuta an matse da ƴaƴan ƙudan da toka a ciki, sati kaɗan ka ga tana kumfa tana tsami. Zumar kirki sai saƙar ta nuna ƙudan sun rufe bakin ramukan da farin kaki sannan a yanka a bar ta ta tsiyaye da kanta. Kuma in ta daskare lokacin sanyi ba alamar suga ba ce, ta gaskiya ma tana yi.
Mutane suna zuwa shagona su ce Alhaji a ba mu ta maganin daji, wlh sai in ce musu ni zuma nake sayarwa ba ni da ta daji daban, ku kai shi asibiti ku zo ku sayi wadda zai sha ya ji ƙarfi. Wani ya yi fushi ya tafi wajen wanda zai ce masa eh ya ninka masa kuɗi sau biyar. Ni ba zan ci wannan kuɗin ba.

Malam Nura:
Allah ya yi wa kasuwa albarka Alhaji.

Isuhu Maraɗi:
Salamu alaikum ƴan uwa, mu ma nan wajenmu muryar ta iso. Matsalarmu guda ce da taku, mu da can wanda lokotoro ya ce a yi mishi gashi sai ya fita waje in yana da hali, sai 2021 aka buɗe wurin gashi na farko a cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai, to ka duba daga Maraɗi ko Damagaram ko Diffa zuwa Yamai da kuɗin mota da masauki da mai jinya, shi ya sa in mutum ya ji ance kwalbar jika goma ta kuɗin sefa za ta warkar da shi sai ya ruga. Ni ina ganin in ba a kawo maganin kusa da mutane ba masu muryoyin nan ba za su rasa kasuwa ba ko mi za mu faɗi.

Abba Sani:
Akwai kuma wani bidiyo a TikTok wai harbin kudan zuma yana kashe kansar mama cikin awa daya, shima karya ne?

Bashir Famasis:
Shi ma tushensa bincike ne na gaske, 2020 a cibiyar Harry Perkins da ke Perth a Ostireliya. Dafin ƙudan ne ba zumar ba, akwai wani sinadari a ciki melitin da yake huda ƙwayoyin, sun ga yana kashe ƙwayoyin kansar mama masu taurin kai cikin awa guda, amma nan ma faranti ne da ɓeraye. Don Allah kar wanda ya kai mara lafiya ƙuda su harbe shi, wani harbi ɗaya ke rufe masa maƙogwaro ya mutu kafin a kai asibiti. Tunda ana maganar, jariri da bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma ko lasawa, takan ɗauko ƙwayar cutar da hanjinsa bai iya yaƙa ba ta shanye masa jiki har numfashi.

Hajiya Binta:
Na daɗe ina karantawa ban so yin magana ba amma bari in yi saboda mata. Ni an cire min mama ɗaya, na yi kemo na yi gashi, yau shekaru ke nan ina zuwa a duba ni kawai ina shan ƙwayata. Lokacin da aka faɗa min dangin mijina sun taru sun ce kar in yarda a sa min wuƙa wai daji ba ya son ƙarfe, aka kawo min zuma jarka guda da ruwan rubutu. Na karɓa na gode, rubutun na sha, zumar na sha, ranar tiyata kuma na tafi. Kemo ba wasa ba ne ƴan uwa, na kwanta na ga kamar ba zan tashi ba, bakina ya yi gyambo harshena kamar an zuba barkono, ruwan ɗumi da zuma da ɗan lemon tsami shi ne abin da ke wuce min, har yau ina ganin girman zuma saboda wannan. Amma waɗanda muka fara zuwa asibiti tare suka gudu bayan allura ta ɗaya ko ta biyu suka koma wajen masu magani, wasu na je ta'aziyyarsu da ƙafata. Gashin kaina ya dawo, na aurar da ƴata ina tsaye. Duk macen da ta ji wani abu a mamanta ta je a duba, ba a cewa sai ya yi zafi.

Garba Tela:
Allah ya kara lafiya Hajiya. Ni dai haryanzu maganata tana nan kan kudi, ke Allah ya hore miki. amma naji

Sista Rabi:
Maganar kuɗi gaskiya ce Malam Garba ba mai musa maka. Abin da na sani, akwai asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya da aka fara a 2021 don kansar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, cikin asibitocin da aka fara da su akwai na koyarwa na ABU a Shika da na tarayya a Gwambe da babban asibitin ƙasa a Abuja. Ba ya isar kowa kuma akwai jira, amma mutane da yawa ba su ma san da shi ba balle su nema, a tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin. Ƙiyasin 2022 ya nuna sama da mutum dubu 120 ke kamuwa da kansa a Najeriya a shekara, kusan dubu 80 suna rasuwa, wannan ba abin da asusu ɗaya zai ɗauka ba ne, sai mun yi ta matsa wa waɗanda muka zaɓa.

Garba Tela:
Ita Mama ta bakin mahaifa ce. To wannan allurar da ake yiwa yara mata a makaranta da akace ta rigakafinta ce, inada yan mata biyu, mutane nata cewa tana hana haihuwa, meye gaskiyarta

Maman Walida:
Nima wannan ita nake tsoro wlh

Sista Rabi:
Ba ta hana haihuwa. Kusan duk kansar bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce ke jawo ta da ake kira HPV, allurar ita take tarewa tun kafin yarinya ta haɗu da ita. A nan an fara ta a watan Oktoba 2023 ga ƴan shekara 9 zuwa 14, sau ɗaya ake yi kuma kyauta ce, amma Ostireliya tun 2007 suke yi wa ƴaƴansu, waɗanda aka yi wa a lokacin yanzu iyaye ne da ƴaƴansu. Shekarun ƴan matan naka nawa? In sun shiga tara ka je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ku ka tambayi mai rigakafi ranar da suke yi. Maman su kuma in ta kai talatin ta je a duba mata bakin mahaifa, minti kaɗan ne kuma ma'aikaciya mace za ta iya nema ta yi mata.

Garba Tela:
Babbar sha daya karamar bakwai

Sista Rabi:
To babbar ta isa, ƙaramar sai nan da shekara biyu. Ka tafi da katin rigakafinta in yana nan.